Karnukan Delbert a Ƙofar Odessa

Karnukan Delbert sun sake tattake lambun Odessa garin bin barewa. Da ta nuna masa allon hana shiga, sai ya tuntsire da dariya.

"Haba maƙwabciya, kare ya iya karatu ne? Dokar Virginia ta yarda in yi farauta da su, ke kuwa ta hana ki taɓa su."

Odessa ta ƙullace shi. Daga ranar, duk shigowar karnukan sai ta tarbe su da soyayyen naman alade.

Ranar babbar farauta, a gaban baƙinsa, karnukan suka watsar da sawun barewa, suka baje a ƙofarta. Delbert ya iso yana huci.

Ta ce, "Karatu kam ba su iya ba, maƙwabci, amma sun san gida."