Taken da Bulama Ya Ƙwace

A shekarun da Nasara suka gama shata iyaka a arewacin Maigatari, an yi wani Bulama mai suna Manu a Kukar Adda, wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Ɗanzomo. Allah ya hore masa tumbi da son abin mutane. In ya yaba akuyarka, to ka yi mata sallama. In ya ce inuwar bishiyarka da daɗi, gobe za ka tarar da tabarmarsa a gindinta, kai kuma ka koma rana. Mai gunaguni akwai turu a zaure yana jiransa, in ya ƙara a kore shi Damagaram, ƙasar da ke hannun Faransa.

Makaɗin garin shi ne Ɗantsoho, mai gangar noma. Kada in ɓoye muku, matsoraci ne na gaske, ko zakara ya yi cara da ƙarfi sai ya waiwaya. Abu ɗaya ya mallaka a duniya, gangar da ya gada wurin ubansa. A cikinta taken kowane manomin garin yake, wato kiɗan da aka yi wa mutum shi kaɗai. Al'adar kuwa ita ce, ranar gayya in aka kaɗa takenka, dole ka ɗauki fartanya ka shiga, makaɗi kuma ba ya sauke gula sai ka kai ƙarshen kunyar da kake nomewa.

Taken da ya fi kowanne daɗi na tsoho Dogo ne. Uban Ɗantsoho ya yi masa shi tun yana saurayi, gangar tana cewa, "Bijimin gona, rana ta gaji ba ka gaji ba." Wata rana Bulama ya ji shi daga nesa, ya ce da daɗi. Duk wanda ke wurin ya san Dogo ya yi asara.

Aka kira Ɗantsoho zaure. Ya durƙusa ya ce zai tsara wa Bulama sabon take fil, wanda ba a taɓa yi wa kowa ba. Bulama ya ce shi ba ya son sabo, wanda ya ji yake so.

"Daga yau nawa ne," in ji shi. "Kuma kada in sake jin taken wani a ƙasata. Ranar da ka saɓa, zan farke gangar nan da hannuna, ka tafi ka yi wa Faransa kiɗa da ciki."

Ɗantsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Da yamma ya je ya gaya wa Dogo. Ya tarar da shi yana sa wa fartanya ƙota. Tsohon ya ce ba komai, ai akuyarsa ma tana can, sai su yi wa juna hira. Amma bai ɗago ya dube shi ba. Kunya ta kama Ɗantsoho har ya manta takalminsa a ƙofar gidan, bai kuma iya komawa ɗauka ba.

Wata guda cur, kullum da hantsi yana ƙofar Bulama yana kaɗa bijimin gona, bijimin kuwa yana kishingiɗe a tabarma yana shan fura yana gyaɗa kai. Mutumin da tun da aka haife shi bai san ta ina ake kama fartanya ba.

Lokacin maimai, wato noma na biyu, ya zo, Bulama ya kira gayya a gandunsa. Gayyar Bulama ba gayyata ba ce, in ba ka zo ba a zo da kai. Ranar ta yi daidai da zuwan jakadan hakimi, wani dattijo mai suna Cindo, da aka aiko duba amfanin gona. Bulama na neman a ƙara masa ƙauyuka biyu, saboda haka ya sa babbar riga a kan babbar riga, ya naɗa rawani, ya kai baƙon inuwar gawo a bakin gona.

Ɗantsoho ya rataya ganga ya fara abin da aka ce ya yi. Manoma sittin suka tsaya a jere, kowa ya dogara da fartanyarsa. Ba wanda ya ƙi aiki, ba kuma wanda ya fara, don ba a kira kowa ba. Dogo na can gefe ya sunkuyar da kai, ƙafarsa ta dama tana motsi ita kaɗai, yana danne ta da hannu.

Jakada Cindo ɗan manoma ne, kunnensa ya san ganga. Ya saurara, ya ce rabonsa da jin take irin wannan tun yana yaro. Ya tambaya ko na wane ne.

Bulama ya gyara zama ya ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Madalla," in ji Jakada. "To ai kai ake jira. Ku ba shi fartanya. Zan gaya wa hakimi na ga Bulaman da ke shiga gaban talakawansa."

Ba a taɓa miƙa wa mutum fartanya da sauri irin na ranar ba, hannu goma ne suka miƙo. Bulama ya duba gabas ya duba yamma, bai ga mafita ba. Ya tattare riga ya shiga. Kunyar gandun kuwa doguwa ce, shi da kansa ya tsawaita ta da gonakin maƙwabta.

Saran farko ya sare gero ya bar ciyawa. Na biyu ya kusa tafiya da ɗan yatsansa. Kafin ya yi taku ashirin rawani ya kwance ya maƙale a karan gero, gumi ya jiƙa rigunan duka biyu, numfashinsa ya koma kamar zugazugin maƙeri. Ganga kuwa tana bayansa tana shaida wa duniya cewa rana ta gaji shi bai gaji ba.

Ya waiwayo ya harari Ɗantsoho, ya yi masa alama da ido ya tsaya. Ɗantsoho ya gane sarai. A ransa ya hango wuƙa a fatar gangar ubansa, ya ga hanyar Damagaram. Sai idonsa ya faɗa kan Dogo da ke danne ƙafa. Bai san daga ina abin ya zo masa ba, ya dai ji ya ƙara wa gula nauyi.

"Dakata mana," in ji Bulama ƙasa-ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ba a sauke gula sai mai take ya kai ƙarshe. Jakada na kallo."

Bulama ya ƙara sara huɗu, ya zube zaune a kan kunya. Ya dubi ƙarshenta can kusa da wata kuka, ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, cewa taken ba nasa ba ne, aro ya yi, mai shi ya zo ya ɗauki abinsa.

Dogo bai jira a ambaci sunansa ba. Ya shiga kunyar daga inda Bulama ya zube, ƙasa na tashi ta bayansa, hawaye na bin gemunsa. Ɗantsoho ma kuka yake yana kiɗa. Da tsohon ya kai kukar, sai Ɗantsoho ya juya gula zuwa taken na kusa, sannan na kusa da shi, har ya kira mutum sittin ɗin kaf. Kafin la'asar an gama gandu. Jakada ya hau dokinsa ya tafi, bai ce komai a kan ƙauyuka biyu ba.

Washegari aka kira Ɗantsoho da gangarsa. Ya yi sallama da matarsa Safara'u kamar mai tafiya ba dawowa. Ya tarar da Bulama kwance rigingine, hannuwansa sun yi bororo an shafe su da man shanu an naɗe da tsumma. Ga wuƙa a tabarma. Bulama ya yi yunƙurin ɗauka sau biyu tana suɓucewa, sai ya ce wa baransa Ya'u, mai sa mutane a turu, ya farke gangar.

Ya'u ya ɗauki wuƙar ya daɗe yana juya ta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, taken marigayi babana yana ciki. Nan kaɗai nake jin sa."

Aka kira bara na biyu, shi ma ya ce na kakansa na ciki. Na uku tuni ya tuna ana nemansa a rijiya. Bulama ya rufe ido ya ce a fitar masa da makaɗin nan da tsiyarsa.

Ɗantsoho ya rungumi gangar, har ya kai bakin zaure sai ya juyo ya durƙusa, ya tambaya cikin ladabi ko yanzu a tsara wa Bulama nasa na kansa.

Bulama ya ɗaga hannuwansa masu tsumma ya dube su.

"Ka kuskura," in ji shi, "sai Damagaram."