Fuskar Habsu

A garinmu Adabka ba mu da wuta, shi ya sa kowace Juma'a nakan ɗaure kwamfutar da ɗana Nuhu ya bar mini a bayan babur, ita da allonta, in kai Bukkuyum shagon mai janareto. Ba wasa nake zuwa yi ba. A cikinta akwai bidiyon sunan jikata, kuma nan kaɗai fuskar matata Habsu ta rage tun da Allah ya karɓi abinsa.

Wata Juma'a na kunna, rubutu ya kumbura, bidiyon ya yi baƙi. Muryar Habsu na fitowa tana yi wa mata faɗan tuwo, ita kuwa babu.

Aka ce in je Gummi wurin Monica mai gyara.

Ta danna nan, ta danna can, ta nuna mini wata alama ruwan ɗorawa.

"Baba, direban katin hoto ne ya ƙi tashi. Shi ke sa kwamfuta ta yi magana da katin da ke fidda hoto."

"To ki tashe shi, ɗiyata. Ban zo karatu ba."

Ta goge shi, ta sauko da sabo, ta kashe ta kunna. Alamar na nan. Ta sa tsohon, duk ɗaya. Har aka yi la'asar.

Sai ta dubi sawun igiya a jikin akwatin kwamfutar.

"Baba, da me kake ɗauko ta?"

"Babur. Da raƙumi kike so?"

"Sau nawa?"

"Shekara biyu, kowace Juma'a."

Ta dafe kai. Ta kwance murfin, ga katin ya zame rabi daga raminsa, ramukan hanyarmu sun girgiza shi. Ta hure, ta danna shi ya zauna, ta kunna.

Ga Habsu tsugune gaban tukunya. Ta waigo, ta ga mai ɗauka, ta ja mayafi tana dariya. Iyakarta ke nan.

"Maido baya," na ce. Monica ta maido har sau biyar.

"Baba, bakin ramin ya tsage. In ta sake hawa babur, ban ɗauki alkawari ba. Bar ta nan, ka riƙa zuwa."

Na bar mata kwamfutar. Sannan na naɗe igiyata, na hau babur. Tun kafin in fita Gummi na fara jiran Juma'a.