Kiran da Hansai Ta Yi a Bakin Kogi

Kafaɗar Ɗanjuma ta dama ta fi ta hagu sauka. In ka hango shi yana tahowa ta layin shagona a Badarawa, sai ka ɗauka wani kaya mai nauyi ya saɓo, alhali babu komai a hannunsa sai sanda. Shekara talatin da huɗu kyamara ta yi tana zama a kan wannan kafaɗa. Ta yi wa kanta gurbi, ta tafi ta bar gurbin.

Ni Haruna, gyaran rediyo da talabijin ne sana'ata. Ranar da gidan talabijin ɗin da Ɗanjuma ya yi wa aiki suka yi gwanjon tsofaffin kayansu, na sayo wata na'urar kallon manyan kaset, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ba don ina da abin yi da ita ba. Na dai ga bai kamata abin da ya nuna fuskoki da yawa haka ya ƙare a hannun 'yan gwangwan ba.

Ɗanjuma da ɗaukar batir da ƙafafun kyamara ya fara, yana bin manya a baya. Sannu a hankali aka ba shi kyamarar ya riƙe, daga nan kuma ba a sake karɓa ba. Labarai ya yi wa aiki da fari, amma zuciyarsa tana ga dogayen shirye-shiryen da ake nuna yadda mutane ke rayuwa. Ya ɗauki maƙera, ya ɗauki ma'aikatan jirgin ƙasa, ya ɗauki wata tsohuwa a Doka da ta shekara arba'in tana wanke gawar mata. Yana da al'ada ɗaya da abokan aikinsa ke yi masa tsiya a kai: yakan kunna kyamara tun kafin a ce a fara, ba ya kuma kashewa sai an daɗe da cewa an gama. Yakan ce mutum ba ya zama kansa sai ya zaci an kashe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne idanunsa. Na dama, wanda ya yi ta leƙa kyamara da shi, ya mutu sarai. Na hagu, wanda yake runtsewa duk tsawon shekarun nan, shi ne ya rage yana ganin ɗan haske. Nakan ce masa wannan ya huta ne, shi ya sa ya yi ƙarko.

A daminar bana ya dawo daga asibiti da maganar da likitoci suka gaya masa game da hantarsa. Bai ɓoye mini ba. Ya fara abin da dattijo yake yi idan ya ji tafiya ta matso, wato bin mutane gida-gida yana neman yafiya. Ya je wa 'yan'uwa, ya je wa maƙwabta, ya je wa wani da ya taɓa mari a wurin aiki. Wata safiya ya zo shagona da wani abu a naɗe cikin tsohon rawani, ya ajiye a kan tebur.

"Saura mutum ɗaya, Haruna," in ji shi.

"Ni ne? Na yafe, duk da ka cinye mini goro na shekara ashirin."

Bai yi dariya ba. Ya warware rawanin, sai ga kaset.

Ya ba ni labarin da na san rabinsa. Shekara ashirin da biyu da suka wuce kogi ya yi ambaliya, ya shiga gidajen da ke bakinsa. Aka tura Ɗanjuma ya ɗauko. A cikin masu haƙar yashi akwai wani magidanci, Bilal, wanda ya yi ta kwaso mutane da kwale-kwalensa tun safe. Aka ce an bar wani tsoho a wani gida, Bilal ya juya shi kaɗai don ya ɗauko shi. Mahaifiyarsa, Hansai, tana tsaye a tudu cikin jama'a. Bilal ɗanta ne na fari, ita kuwa irin matan zamanin da ce masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce "wancan" ko "yaron nan". A ranar, da ta ga inda ya nufa, ta buɗe baki ta kira shi da sunansa, da iyakar ƙarfinta, har sau biyar. Ruwa ya kife kwale-kwalen. Sai bayan kwana uku aka sami gawarsa.

"Da na ji muryar," in ji Ɗanjuma, "hannuna ne ya juya da kansa. Na jawo fuskarta har ta cika gilashi. Mayafinta ya faɗi, bakinta a buɗe. Na san abin da nake ɗauka, ban kuma sauke ba."

Masu tace hoto suka yanko wannan wurin suka sa a labarai. Aka yaba masa, har takardar yabo aka ba shi. Daga nan duk shekara, da zarar an tashi gargaɗin mutane game da ambaliya, sai a ɗauko fuskar Hansai a sake nunawa. Sai da aka yi damina tara ana haka.

"Matar da ta ɓoye suna shekara talatin," in ji Ɗanjuma, "ni na kai shi kowane ɗaki a garin nan. Wannan shi ne uwar kaset ɗin, yadda ya fito daga kyamara. Ban sake kallonsa ba tun ranar. In kai mata ta ƙona da hannunta, ko Allah zai sa ta yafe mini."

Ni na nemo ta. Masu yashi suka tura ni wurin masu kifi, masu kifi suka ce ai ta daɗe da barin bakin kogi, tana Unguwar Sarki wurin 'yarta Balaraba.

Muka je ranar Talata da hantsi. Balaraba, wata mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, ta shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta koma ta riƙo tsohuwar. Hansai 'yar ƙarama ce, ta rankwafa, amma idonta garau. Aka gaisa, aka tambayi damina da jiki. Ɗanjuma ya sauka daga tabarma ya zauna a ƙasa.

"Inna, ni ne na ɗauki hotonki ranar ruwa."

Ta ƙare masa kallo.

"Ashe kai ne. Na zaci dogo ne."

"Da dogo ne, Inna," in ji ni. "Aiki ne ya lanƙwasa shi."

Ya faɗi abin da ya kawo shi, bai rage laifinsa ba, ya tura kaset ɗin gabanta. Ba ta taɓa shi ba.

"Ka san ban taɓa gani ba?" in ji ta. "Kowa ya gani ban da ni. In aka sa, ta katangar maƙwabta nake jin muryata. Sai in shiga ɗaki in toshe kunne. Yara suka riƙa kwaikwayona a layi. Shi ya sa na bar unguwar."

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai.

"Malam, ba a yafe abin da ba a gani ba. In na ce na yafe yanzu, baki ne kawai. Ku kawo abin kallon in gani."

"Inna, me za ki gani a ciki in ban da ɓacin rai?" in ji Balaraba.

"Ke aka ɗauka ko ni?"

Kwana biyu na yi a kan kaset ɗin. Fumfuna ta kama zaren, fari-fari kamar an barbaɗa gari. Na buɗe shi, ina murzawa da yatsa ina gogewa da auduga, kamu bayan kamu. Ɗanjuma ya hana ni gwadawa a shago. Ya ce babu idon da zai ƙara ganinta sai da izininta. Ina gogewa ina tunanin yadda ruwa mai yawa haka, da mutane, da kuka, suka kwanta a kan baƙin zaren da bai kai faɗin yatsa biyu ba, shekara ashirin da biyu ba su jiƙa akwatin ba.

Ranar Alhamis muka ɗora na'urar da ƙaramar talabijin a keke napep. Babu wuta a unguwar, Balaraba ta aro janareta a maƙwabta. Hansai ta zauna dab da gilashin. Ɗanjuma ya zauna can gefe, ya juya wa talabijin ɗin kunne tunda ido ba zai yi masa amfani ba.

Na danna. Hoto ya yi rawa, ya yi layi-layi, sannan ya tsaya.

Ba fuskarta ce ta fara fitowa ba. Al'adar nan tasa ce: ya kunna tun kafin wani abu ya faru. Aka ga ruwa ja ya shafe komai, rufin kwano suna leƙowa, wata tunkiya a kan katanga. Can gefen hagu ga kwale-kwale, mutum a tsaye a ciki da doguwar gora, ya ba mu baya, riga shuɗiya ta manne masa a jiki.

Balaraba ta kama bakinta. "Yaya ne."

Sai muryar ta taso daga wajen hoton, kira na farko. Mutumin da ke cikin kwale-kwalen ya tsayar da gorar. Ya waiwayo gaba ɗaya, ya dubi tudu. Ya ɗaga hannu ɗaya sama. Ko da nisan, ana ganin farin haƙoransa. Daga nan hoton ya zabura ya bar shi, ya faɗa kan fuskar Hansai, wurin da duk gari ya sani.

"Tsaya," in ji ta. "Mayar da shi baya."

Na mayar. Ya sake waiwayowa, ya sake ɗaga hannu.

"Ƙara."

Sau huɗu na mayar. 

"Haruna, mene ne?" Ɗanjuma ya tambaya a hankali. "Me kuke gani?"

"Ya juyo," na ce. "Da ta kira, ya juyo."

"Wa?"

"Ɗanta. Yana cikin hoton, kafin ka koma kanta."

 Shi da ya ɗauka bai sani ba. A ranar kunnensa ne ya ja shi, idonsa bai tsaya a gefen hagu ba.

Hansai ta kai yatsa ta taɓa gilashin, daidai kan shuɗiyar rigar.

"Dariya yake yi mini, ja'iri," in ji ta. "Ya ji na faɗa, shi ne yake dariya." Ta goge ido da bakin mayafi. "Shekara talatin ban kira shi ba. Rana ɗaya na kira, na kuma zauna ina tambayar kaina ko ya ji, ko ƙarar ruwa ta cinye. Babu wanda na iya tambaya. Ashe wancan ya ji."

Ta juya wajen Ɗanjuma.

"Malam, abin da ka nuna wa duniya, na yafe. Na gani yanzu, uwa ce take kiran ɗanta, ba tsirara ta yi ba. Amma wannan da ka rufe a akwati shekara ashirin da biyu ina nemansa, shi ne mai nauyin."

"Wallahi Inna ban san yana ciki ba."

"Na yarda. Da ka zo da wuri, da mun sani tare. Ka ba ni kwana biyu."

Bai roƙe ta ba. Ya ce to, ya gode. Ba a ƙona kaset ɗin ba. Na bar musu na'urar, na nuna wa Balaraba inda ake dannawa a koma baya, na ce kada ta bari ƙura ta shiga.

A cikin keke, muna komawa, da muka kusa Badarawa Ɗanjuma ya juyo wajena.

"Kaset ɗari uku da wani abu ne a ɗakina," in ji shi. "Ko wa da wa ke gefen hagu?"



Kwana biyun Hansai suka zama huɗu, suka zama shida. Jikin Ɗanjuma ya tsananta, ya daina fitowa. Kullum in na je duba shi, kafin mu gama gaisawa sai ya ce, "Ba saƙo?" In ce babu tukuna. Na so in koma Unguwar Sarki in gaya musu halin da ake ciki, ya hana ni. Ya ce yafiyar da aka karɓo don tausayin mai mutuwa ba ita yake nema ba.

Ranar Laraba bayan la'asar ina zaune a bakin gadonsa, aka yi sallama. Balaraba ce, da kwanon fura a rufe da faifai. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, Inna ta ce a gaishe ka da jiki. Ta ce in gaya maka ta yafe, duniya da lahira, na fili da na akwati."

Ɗanjuma ya rufe idonsa na hagu, kamar yadda yake yi in zai ɗauki hoto. Ya daɗe a haka.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Tana kallo?"

"Kullum bayan azahar. Sai dai jiya zaren ya soma yin layi."

"Haruna, ka ji. Gobe ka je ka goge mata."

Na ce zan je. Ya ce a zuba masa furar kaɗan, ya sha cokali uku.