Sulu a Kan Rigar Ɗan'auta

Ɗan'auta ya iso ƙauyenmu Sara da maganarsa a baki, ko takalmi bai gama cirewa ba. Wai na tsufa, wai ɗarin bana zai kwantar da ni, wai in tattara komatsaina in bi shi Kano. Iliyasu ne sunansa, shi ne na ƙarshe a 'ya'yana, amma tun da ya samu aikin gwamnati yake ganin kamar shi ya haife ni.

"Gonar fa?" na ce.

"A ba wani aro, Inna. Ke da ko tashi ba kya yi sai kin dafa bango."

Raina ya ɓaci ƙwarai. A gidan nan na goye shi, daga ɗakin nan aka fita da gawar ubansa, yau kuma ni Mero za a kai ni birni a aje kamar tsohuwar tukunya? Na ce masa gobe ya kai ni Birnin Kudu, garin da aka haife ni. Akwai dutse a bayan unguwarmu. In na hau na sauko ba wanda ya riƙe ni, ya bar ni a gidana. In na kasa, in bi shi bakina alaikum. Ya yi dariya, ya ce ya yarda.

Da safe ruwan randa kamar zai yanke yatsu. Ya fito da wata rigar sanyi ta gwanjo, mai kauri da santsi, wai irinta ake sawa a ƙasashen da ƙanƙara ke rufe duwatsu. Ya haɗa mini da safa da takalmi sau-ciki. Na shiga mota kamar buhun auduga. Duk hanya mutane ne tsugune suna jin ɗumin wutar kara.

Garin ya canja, unguwarmu ma da ƙyar na gane ta. Duwatsun dai suna nan yadda na bar su. Muka leƙa kogon da mutanen dauri suka zana jajayen shanu masu dogayen ƙaho a jikinsa.

"To ai kin ga gari, Inna. Mu koma."

"Kai dai ka koma."

Ina taka dutsen takalmin ya zame da ni. Na zauna na tuɓe shi da safar, na miƙa masa. Sanyin dutse ya shiga fason da ke dugadugaina, har na ga jini. Na hau da ƙafa, inda ƙafa ta ƙi na sa hannu. Yana bayana yana ta "a hankali, a hankali", ni kuwa ko juyowa ban yi ba. Da na kai sama na miƙe tsaye, iska tana dukan fuskata, ga gari nan shimfiɗe da hasumiyoyinsa. Wallahi na ji daɗi.

Sai sauka. Na ɗaga ƙafa zan taka ƙasa, gwiwata ta yi kamar an buga mata ƙusa. Na sake gwadawa, ta ƙi. Nan fa tsoro ya kama ni.

"Zo in goye ki," in ji Ɗan'auta. "Ba kowa a nan." Ya matso kusa da ni. "Inna, ni tsorona kawai a kira ni a waya a ce an same ki kwance ke kaɗai."

Ya ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba. Amma na san in na hau bayan nan, sai Kano za a sauke ni.

Na ja jiki na nufi gefen gabas. Yana nan! Wurin da muke sulu muna 'yan mata, mu zauna a kan guntuwar tabarma mu sulalo har ƙasa. Dutsen ya goge sumul yana sheƙi. Na tuɓe rigar nan na shimfiɗa, na tattare zanina tsakanin cinyoyi, na zauna.

"Inna, me za ki yi? Inna!"

Na ce bisimillahi, na tura da hannu.

Kai! Iska ta fizge ɗankwalina. Ina jin salatinsa a sama, ni kuwa sai ga ni jaɓar a cikin yashi. Ƙuguna ya amsa, ba ƙarya. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ya sauko da gudu, takalmina a hannunsa. Rigar ta yage, audugar ciki duk ta fito.

"Ka riƙe ni?" na ce.

"A'a."

"To kai ni gida."

Muka shiga mota. Muna barin gari ya tsaya a bakin titi, ya fita ya daɗe. Ya dawo da buhun gawayi da man kaɗanya na shafa wa faso. Da muka isa Sara shi ya ɗauki buhun a kafaɗa, ya jingine shi a ƙofar ɗakina.