Indararon Benen Yaya Haliru

Gidanmu na Omdurman gini biyu ne a fili ɗaya, kuma ba sa ga-maciji da juna. Ta gabas akwai ɗakin mahaifiyarmu Inna Hajaratu, ginin laka da kakanmu ya ɗora da hannunsa lokacin da ya dawo daga Makka ya yada zango a nan. Ta yamma kuwa benen wana ne, Yaya Haliru, siminti da rodi, gumin shekarunsa na Saudiyya.

Kowace shekara kafin damina Inna takan sa a kawo mata kashin dabbobi, a kwaɓa da laka, a bar shi ya ruɓe, sannan ta bi bangon ɗakinta ta shafe da tafin hannu. Zibala ake ce wa wannan shafe. Wari kam ba a magana, amma ruwa ba ya cin bangon da ya sha shi.

"Ya Inna, haram," in ji Yaya, yana toshe hanci. "Ga ɗaki mai fanka na yi miki, kin ƙi. Wannan wata rana a kanki zai faɗo."

"Tanderunka ka ba wa matarka," in ji ta. "Ni dai ka juya mini indararon nan."

Indararon benen kai tsaye yake zuba a gindin bangonta. Duk shekara sai ta ninka shafe a wurin, duk shekara sai Yaya ya ce bukra, gobe. Bai juya ba, don a ransa ɗakin rushewa zai yi. Abin da ya yi shi ne ya malale tsakar gidan kaf da siminti, har da gindin bishiyar lemun da ya sare. Ni Zuwaira na yi masa tas a kan wannan, ya ce ƙauyanci ke damuna.

Da yaƙi ya ɓarke, sai in faɗi gaskiya, benen nan ya yi mana rana. Ƙarƙashin matakalarsa muke cusa kai in an fara ruwan wuta, kuma ya tare abin da laka ba za ta tare ba. Amma babu lantarki, cikinsa ya zama tanderun da Inna ta faɗa. Ita tana ɗakinta mai sanyi, maganin sukarinta yana ƙarewa. Wata safiya na kai mata shayi na tarar ta cika.

Hanyar maƙabarta masu bindiga sun tare. Maƙwabcinmu Munir ya tsallako ta katanga ya ce, "Kowa a gidansa yake binnewa yanzu, ya Haliru. Kawo diga."

Yaya ya ɗaga diga ya sara a tsakar gida, ta yi tsalle ta dawo. Ya sake, ya sake, sai tartsatsi. Simintin da ya zuba mai kyau ne, ba a yi masa ha'inci ba. A duk gidan babu inda ƙasa ta rage sai daɓen ɗakin Inna. Nan muka janye gadonta, suka haƙa, na yi mata wanka, Munir ya ja salla. Muka ja ƙofar muka ɗaure da waya. Bayan 'yan kwanaki muka gudu Gadarif, Yaya yana rantsuwa zai dawo ya kai ta maƙabarta cikin 'yan'uwanta Musulmi.

Damina biyu muka yi a can. Duk sanda hadari ya haɗu sai in tuna babu mai yi wa bangon nan shafe. Ban faɗa wa Yaya ba, shi ma bai faɗa mini ba.

Da hanya ta buɗe, mutanen unguwa suka fara tono nasu suna kaiwa maƙabarta. Muka dawo, Yaya riƙe da sabon likkafani.

Benen yana nan tsaye. An cire ƙofofi, an zare wayoyi daga bango, amma yana tsaye. Ɗakin Inna kuwa babu shi. Tulin ƙasa ne kawai da azarori a karye, kuma ta tsakiyar tulin wani kwazazzabo ya ratsa, ya faro daga daidai bakin indararo, ya bi ta kan simintin, ya fice ta ƙarƙashin ƙofar gida zuwa titi.

Munir ya zo da shebur, ya dubi ramin, ya ajiye shebur ɗin. Da hannu muka tona. Muka sami guntun tsohon likkafani, muka sami kai, da wasu ƙasusuwan ƙirji. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu komai, sai yashin da ruwa ya wanke.

Duk hanyar Gadarif na tanadi maganar da zan yaɓa wa Yaya. Da na ga hannunsa a cikin ƙasar, sai na ji tsanarsa da tausayinsa tare, na ci gaba da tono.

Ya shimfiɗa likkafanin da ya saya daidai tsawonta, ya jera abin da muka samu, ya naɗe, ya sake ninkawa. Munir ya jawo gadon igiya da ake ɗaukar gawa a kai.

"Halas, shi ke nan, bar shi, ya Munir," in ji Yaya. "Ba ta cika shi ba."

Ya miƙo mini ita, na rungume a hannu ɗaya. Shi kuma ya sunkuya ya bi sawun ruwan, ya fita ta ƙofa, ya hau titi yana tona yashi da yatsunsa.