Ranar da Merle Ya Rasa Abokin Musu

Merle Haugen bai taɓa shan giya haka kawai ba, kullum akwai mai laifi. In ba ubangidansa a wurin aiki ba ne, to matarsa ce. Da matar ta gaji ta kama gabanta, laifin ya koma kan gwamnati da maƙwabcin da ke turo masa ƙanƙara bakin ƙofa. Mutum ne da in ka ce masa ina kwana sai ya nemi hujja. Zai ja musu, ya fusata, ya nufi mashaya yana huci, dalili ya samu ke nan.

'Yarsa Renee ce ta katse masa hanzari. Duk hunturu, in tafki ya daskare, Merle kan ɗauki jikansa Cody su je su huda ƙanƙara su kama kifi. Duk duniya babu abin da yake so kamar wannan fitar. Bana Renee ta ce a'a.

"Baba, ka je taron masu barin giya, ka daina. In ba haka ba, Cody ba zai sake shiga motarka ba."

Gano wurin bai yi wuya ba. A garinsu, Duluth, in ka ga coci da tsakar rana, ga dattawa a ƙofar gefe suna zuƙar taba cikin sanyi, to ka iso. Merle ya sauka ɗakin da ke ƙarƙashin cocin da shirinsa tsaf: zai tsokane su, su kore shi, ya gaya wa Renee ya je an ci mutuncinsa. Mashaya kuwa tana nan a ƙetaren titi.

Kujeru a zagaye, ga ruwan kofi, ga donat, wato irin fanken Turawa. Wata dattijuwa mai hular ulu, Dolores, ita ke jan zaman.

"Ka'idarmu ɗaya ce," in ji ta. "Kowa ya faɗi nasa. Ba a katse mutum, ba a ba shi amsa, ba a yi masa wa'azi."

Merle ya yi dariyar ƙeta a ciki. Da zagaye ya zo kansa ya gyara zama.

"Sunana Merle, kuma ni ba mashayi ba ne. Kwalba biyu nake sha, ita ma saboda sanyi. Wannan kofin naku kuwa, ko kare na ba wa sai ya kai ni ƙara."

"Mun gode, Merle," suka ce baki ɗaya.

Ya dube su. Wani ƙaton tsoho mai suna Gordy, wanda shi ya dafa kofin, har da gyaɗa kai.

"Ban gama ba! Ku duka munafukai ne. Kun sha kun ƙoshi, hanta ta ƙare, yanzu kun zo kuna ta tuban muzuru."

Wata mata ta turo masa farantin donat.

Abin ya fara ba shi tsoro. Tunda yake bai taɓa jefa magana ta faɗi ƙasa ba wanda ya cafe. Sai ya jawo babbar, wadda ko Renee mai haƙuri takan yi tsalle in ta ji.

"'Yata ma sharri take min. Bara motata ta faɗa rami a hanyar tafki, shi ke nan ta riƙe abin. Barewa ce ta gifta! Ko tsuntsu ne ke tuƙin sai ya kauce."

Ya tsaya yana jira. A nan ne ake ce masa ƙarya yake, shi kuma ya buga tebur ya fice. Dolores na kallonsa, hannu a cinya. Maganar ta zauna a tsakiyar ɗakin tsirara, kowa na ganinta. Merle kuwa, duk lalacewarsa, ba ya iya ganin magana ta wuce ba a musa ta ba. Da ya ga babu mai yi, bakinsa ya riga shi.

"Wace barewa?" ya daka tsawa. "Babu wata barewa! Tun safe nake sha. Yaron yana kujerar baya, goshinsa ya fashe. Ni na ce masa ya gaya wa uwarsa barewa ce. Har yau barewa yake cewa. Yaro ne mai riƙon amana."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, don yau babu wanda zai ɗora wa laifi.

Bayan an tashi, Gordy ya miƙa masa kofi. "Ungo, ɗan'uwa. Gaskiyarka, ba daɗi. Gobe sai ka zo da wuri ka dafa mana."

Merle ya shanye, ya fita ƙofar gefe cikin masu taba, ya juya wa titi baya, ya kira 'yarsa a waya.

"Na je," ya ce.

"Da gaske? To, Baba, in ka ci gaba, wataƙila ƙarshen wata ku..."

"A'a. Saurara, Renee. Kada ki ba ni yaron nan bana. Ko na yi rantsuwa, ko na yi kuka, kada ki ba ni shi."