Harshen Injiniya da Ruwan Rijiya

Injiniya ya ce harshensa ya fi na'urar gwajin ruwa aiki. Ya ce ko an ɗaure masa ido, kurɓi ɗaya zai yi ya faɗi inda aka ɗebo ruwa. Babu makarantar da ta ba shi sunan Injiniya. Shi ya rubuta abinsa da jan fenti a allon garejinsa, mutane kuma suka ga ba su da lokacin gardama da allo.

Ita Tela, mai shagon ɗinki a jikin katangar garejin, ba harshensa ne ya dame ta ba, baƙin mansa ne. Shekara uku yana juye man da ya zuƙe daga motoci a wani rami kusa da rijiyar layin. Ramin ma suna gare shi: Sashen Tace Shara. A hankali ruwan rijiya ya fara ƙyalli, ya ɗauki wari. 'Yar Tela ta kwana biyar a asibiti. Duba-gari ya zo ya garƙame rijiyar da kwaɗo, daga ranar Tela ta koma tura baro da jarka huɗu zuwa famfon bakin titi, safe da yamma, ƙugunta yana ƙara kamar tsohon keken ɗinkinta.

A kotu alƙali ya ba Injiniya zaɓi: ko gidan yari, ko ya zauna da waɗanda ya cuta ya gyara ɓarnarsa da hannunsa. Injiniya ya zaɓi zaman sulhu. Ya ce dama shawarar da yake shirin ba kotu ke nan.

Aka zauna a wani aji na makarantar firamare, an jera bencina a kewaye. Wata tsohuwar nas da kowa ke kira Sista ce mai sasanci. Injiniya ya zo da tabarau da jakar takardu, ya miƙe zai yi bayanin yadda ƙasa ke tace mai.

"Zauna, ɗana," in ji Sista. "Yau kunnenka muka gayyata."

Tela ba ta yi dogon zance ba. Ta faɗi yadda aka nemi jijiya a hannun yarinyar har sau huɗu kafin a sa mata ƙarin ruwa. Injiniya ya cire tabarau, ya goge, ya manta bai mayar ba. Ya ce, "Ki yafe mini, ƙanwata." Saɓanin yadda ya saba, babu kalmar Turanci ko ɗaya a ciki, abin da ya sa Tela ta yarda da gaske yake.

Kuma ya yi aikin, a faɗi gaskiya. Ya kwashe ƙasar ramin, ya kawo ganguna na zuba mai, ya yashe rijiya sau uku, ya shafe cikinta da siminti. Sai dai kullum da robar ruwansa a hammata. Da Tela ta miƙa masa shebur sai ya ce, "Wannan mu a fagenmu sunansa daban."

"Sunan nasa yana haƙa?" ta tambaya. "In ba ya yi, riƙe wannan."

Aka gwada ruwa sau uku, sau uku yana fitowa lafiya. Ran Litinin duba-gari ya cire kwaɗo. Amma babu wanda ya ɗiba. Sharaɗi na ƙarshe a takardar sulhu shi ne ran Asabar Injiniya ya sha kofin farko a gaban kowa, mutanen layi kuma suka ce sai sun gani da idonsu. Tela ta ci gaba da tura baro. Abu ɗaya ta lura da shi: duk safiya in ta fito, igiyar gugan a jiƙe take.

Ran Asabar layi ya cika a bakin rijiya. Sista ta ja guga, ta cika kofi, ta miƙa. Injiniya ya ɗaga kofin ya duba a rana, ya shinshina, ya ajiye a bakin rijiya.

"A kimiyyance ruwan ya yi," ya ce. "Amma cikina ya saba da ruwan kamfani. Harshena kuma yana jin abin da na'ura ba ta ji."

Nan take aka fara gunaguni. Wani mai wanki ya ce shi ma ba zai sha ba. Wata ta janye ɗanta baya. Tela ta ji ƙugunta ya amsa tun kafin ta taɓa baro. Sai idonta ya faɗa kan Maman Biyu, matar Injiniya, wadda ta tsaya a gefe tana kallon sama kamar mai jiran jirgi. Tela ta dubi igiya, ta dubi robar da ke hammatarsa.

"Yaya Injiniya," ta ce, "mu da ba mu yi karatu ba, nuna mana bambancin mana. Kurɓi na robarka ka faɗa mana daga ina yake."

Abin nema ya samu. Ya buɗe roba, ya rufe ido, ya kurɓa, ya jujjuya shi a baki, ya haɗiye. Ya ƙara, don tabbatarwa.

"Ruwan dutse ne," ya ce. "Daga ƙarƙashin tsauni. An tace shi sau bakwai. Ku ji laushinsa! Ruwan rijiya ko shekara ya yi ana wanke shi ba zai kama ƙafar wannan ba."

"Maman Biyu," in ji Tela, "wane shago kike sayo masa? Mu ma mu je."

Maman Biyu ta sauko da idonta daga sama.

"Wane shago? Tun ran Litinin daga rijiyar nan nake cika masa. Roba uku yake sha a rana."